Rigar da 'Yar Inna Ta Auna a Jikina

Tun ranar da muka dawo daga Gashuwa ban huta da tambaya ba. In na je famfo a tare ni, in na shiga gidan suna a ja ni gefe. Maƙwabciyata Larai har cewa ta yi in ba ta nata dabinon da zamzam, wai yadda na bi gida-gida ina sallama kafin tafiyar sai ka ce Makka za ni. Ku yi dariyarku. Ku da kuka saba hawa mota, Gashuwa a wurinku bayan ɗaki ce. Ni kuwa tun da aka haife ni a Nguru ban taɓa kwana a wani gari ba. To ga labarin nan gaba ɗaya na rubuta a waya, ku karanta ku bar ni in sha ruwa. Inda rubutu ya karkace ku yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya.

Kun san yarinyar nan ta wajen Inna. Ga wanda bai sani ba, ita ce ta fari a wurina. Ana yaye ta kakarta Inna, mahaifiyar maigidana, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Gida ɗaya muke, sashe daban. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi. Ni ko Ummin ba na faɗa. In zan aike ta in ce "ke", in ana maganarta in ce "'yar Inna". Haka na tarar a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama a tsura masa ido. Ita ma Yaya take ce mini. Ko mutanen unguwa Maman Sadik suke kirana, alhali Sadik shi ne auta, har yanzu yana bayana.

Yarinyar nan tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. 'Yar tsanarta ta kara ta fi ta kowa sutura, da ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Da ta gama ƙaramar sakandare sai ta riƙa zuwa wajen Falmata tela ta bayan layinmu. Falmata ce ta kawo labarin wata makaranta a Gashuwa da ake koyar da zanen sutura da ɗinki. Ta ce jarrabawar shigarta ba ta rubutu ba ce, ta hannu ce. Za a ajiye abu a tebur a ce ki zana shi. A ba ki takarda ki fitar da fasalin riga daga kanki ki yanka. Sannan ki ɗinka ta da farin yadi, ki sa wa mutumin da kika zo da shi, malamai su duba. Kowa da nasa mutumin zai zo. Masu nema da yawa, gurbi kaɗan. Babanta ya amince, amma ya ce sau ɗaya ne. In ba ta ci ba ta haƙura, ta zauna ga facin wando da kalmasar zani a unguwa.

Daga nan gidanmu ya koma shago. Takardun buhun siminti ta riƙa tsintowa wajen magina, ta kakkaɓe, ta goge su da dutsen guga na gawayi har su miƙe. Ba butar da ba ta zana ba a gidan, har murhu da akuyar Inna. Falmata ta ce jarrabawa da agogo ake yi, don haka sai ta fara yanka bayan azahar, in aka kira la'asar ba ta gama ba ta yage ta sake. Mutumin da za ta tafi da shi kuwa Inna ce. Kullum Inna na tsaye a tsakar gida, hannu a shanye kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, tana mita. Ran da aka fara yafa mata farin yadi cewa ta yi, "Ke Ummi, likkafani tun ina da sauran shan ruwa?" Ni kuwa ina bakin ƙofata ina tsintar shinkafa. Shinkafar nan ta sha tsinta a watannin nan, don ta ƙasan ido nake kallon komai.

Ana gobe tafiya gwiwar Inna ta kumbura, ko bayi sai an riƙe ta. Maigida yana Machina wajen cinikin dabbobi. Na kira shi a waya.

Ya ce, "Ke za ki kai ta."

Na ce, "Ni?"

Ya ce, "To wa? Ni zan sa rigar?"

Inna gajera ce mai jiki, ni doguwa siririya, ga shayarwa. Duk awon da yarinyar ta haddace na jikin Inna ne. Abin da ya fi damuna shi ne a ce ta zagaya ni da tef, ta taɓa ƙirjina da ƙuguna. Sai na ce wa Inna, ina kallon bango, "A gaya mata ta tafi da takardun da ta yanka na jikinki, ta ƙara tsawo ta rage faɗi da ido. Ba sai an auna ni ba." Yarinyar tana nan tsaye. Ta naɗe takardun ta sa a jakar bakko.

Kun san maganar da ake yi a kan ruwan Gashuwa da ciwon ƙoda. Ni da ko sauro ya ciji Sadik sai na kwana ina taɓa goshinsa, ina zan iya? Na cika jarka da ruwan Nguru na ɗaure bakin da leda.

A tasha direba ya kalli jarkar ya kalle ni. "Hajiya, fetur ne?" Na ce ruwa ne. Ya ce, "Gashuwa fa za mu, ba Sahara ba." Ya jefa ta bayan mota, ya ɗora bakkonmu a gefe, ya danne da kwalayen kifin wata mata 'yar Dagona. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Kafaɗata na gugar kafaɗar 'yar Inna, ina janyewa, mai kifi na turo ni.

Hanya ba ni da abin faɗa a kanta da yawa, don idona na kan hannun direba. Na dai ga ruwa kwance hagu da dama, ciyawar kacala ta cinye shi kamar yadda ta cinye namu. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati da ƙarfi, har mai kifi ta ce, "'Yar'uwa, ki rage wasu na dawowa."

Kafin Jajimaji muka iske shinge. Jami'i ya leƙo, ya ce kowa ya nuna katinsa, ya sa aka buɗe jakar hannun yarinyar. Ya zaro almakashin Falmata, wanda ya kusa kai tsawon damtse.

"Wannan fa?"

Ta ce, "Jarrabawa za ni, yallaɓai."

"Jarrabawa da almakashi? Mu a zamaninmu biro ake zuwa da shi." Ya juyo gare ni. "Ƙanwarki ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "'Yar Inna ce."

"Wace Innar? Tana ina?"

Ya fara ɗaure fuska, don a ganinsa ga mace da yarinya ta kasa faɗin ta wa ce. Mai kifi ce ta cece mu. Ta ce, "Yallaɓai, kar ka wahalar da kanka. 'Yarta ce ta fari, kunya take. Dubi hancin mana, ai ko makaho ya shafa ya san gida ɗaya ne." Mota ta ɗauki dariya. Ya mayar da almakashin ya ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar Inna."

A tashar Gashuwa aka buɗe bayan mota, sai ga ruwa na ɗiga. Murfin jarkata ya tsage. Rabin ruwan Nguru ya tsiyaye cikin bakko, ya haɗu da man kifi. Yarinyar ta zaro takardunta, suka biyo hannunta kamar jiƙaƙƙen tuwo. Aikin watanni. Na jira ta yi kuka ko ta kalle ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dunƙule su ta kai bola, ta dawo ta ɗauki jarkar da kanta. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Keke ya kai mu masauki, gidan abokin cinikin maigida. Matarsa Ya Zara ake ce mata, Bamanga ce, mijin kuma Babade. A tsakar gidan nan ana magana da harshe uku, in faɗa ya tashi a koma Hausa don kowa ya ji. Tana ganin jarka ta riƙe haɓa.

"Ruwa kika kawo mana? Har bakin kogi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Sai ta dafa ni ta ce, "Ba komai, 'yata. Maganar ciwon nan mu ma muna jinta, muna tsoro. Tafasawa muke mu tace, sauran na Allah ne. Ajiye kayanki ki sha abinki."

Na ɗauka mu 'yan Nguru mun san kifi. Mu kifi muke sa wa miya, su kuwa miya suke ɗan shafa wa kifi. Aka kawo burabusko a faranti ɗaya, Ya Zara ta zauna da 'ya'yanta mata suna ci tare, hannu na karo da hannu. Ni na ja gefe da kwanona. Ana cikin haka wani ƙato mai gemu ya yi sallama, sai na ji ta ɗaga murya, "Modu! Zo ka gaida baƙi." Ta juyo tana ce mini, "Ɗana ne na fari. Duk Gashuwa ba mai gyaran injin ban-ruwa kamarsa." A gabansa! Na jira in ga ya nutse don kunya. Murmushi ya yi ya ɗauki kan kifi daga gabanta. Ban sani ba ko haka duk garin yake, ko gidan ne kawai. Na dai ce a raina kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Da la'asar Modu ya samo takardun siminti wajen wani magini. Ya Zara ta ji labarin abin da ya faru, ta karɓi Sadik ta ce, "Tashi ki tsaya a auna ki."

Na ce, "Ai da ido ma za ta iya."

"Da ido ake auna hatsi a gidanku? Tashi."

Na tsaya ƙarƙashin darbejiya, jikina ya sandare kamar taɓarya. Yarinyar ta zo da tef a wuya. Yatsunta sanyi ƙalau. A nan na gane ta kamo ni a tsawo. Na ga wani ɗan tabo a bayan kunnenta da ban san ranar da ta ji ciwon ba. Ya Zara na ta tsiya, "Ɗaga hannu mana, ba aljihunki za ta yanka ba."

Yarinyar ta ce a hankali, "Yaya, ki saki numfashi. In kin riƙe, rigar za ta matse ki."

Na saki.

Ba a gama ba Sadik ya tsala kuka. Na zauna na yi yadda na saba: na tattaro riga tun daga gwiwa na cusa ƙarƙashin haɓa, hannu ɗaya na riƙe da shi, ɗaya na jan hijabi ya rufe mini baya, waya na zamewa daga cinya. Yarinyar na durƙushe tana kallo. Ta ɗauki fensir ta ja wasu layuka a takarda, ta yanka, ta yage, ta sake, har aka kira magariba. Ban tambaye ta ba.

Da safe muka tafi makarantar. Na zaci zan ga 'yan mata kawai, sai ga samari, ga matan aure, har da wani mai furfura. Wasu daga Jakusko, wasu daga Gaidam, wasu har Potiskum. Kowa riƙe da almakashi, kowa janye da mutuminsa kamar ranar kasuwar awaki. Wata ta zo da kakanta. Wani yaro da ba shi da kowa a garin, mai keken da ya kawo shi ya roƙa. Mai keken ya yarda, amma duk sanda ya hango fasinja a bakin titi sai ya sulale, yaron ya leƙo ta taga yana neman mutuminsa.

Mu aka zaunar da mu a rumfa. Daga cikin ɗakin ba ka jin komai sai ƙarar almakashi, can kuma kekunan ɗinki suka ɗauka gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano. Daga baya na ji cewa tsohon takalmi da fitilar ƙwai aka ajiye musu su zana. Ni dai ina zaune ina jan duk addu'ar da na iya. Wata mata a gefena ta ce, "Wacce ce taki?" Na ce, "Tana ciki."

Bayan azahar aka fara kiranmu. Babbar malamar wata 'yar kudu ce mai gajeren gashi, tabarau rataye a wuya da igiya, kowa Madam yake ce mata. Hausarta irin ta kasuwa ce, amma tana fita. Gefenta malamai biyu maza. Aka sa ni bayan labule, yarinyar ta zura mini rigar, na fito gaban mutane cikin farin yadi ina tuna maganar Inna.

Doguwar riga ce har ƙasa. Daga kowace kafaɗa wani ninki ya sauko zuwa ƙugu, ka ce ado ne. Madam ta zagaya ni, ta ja nan ta taɓa can, ta ɗaga ninkin, sai ga tsaga a ƙarƙashi.

Ta ce, "Wannan na mene ne?"

Yarinyar ta ce, "Na shayarwa ne. Kullum ina ganinta sai ta tattare riga duka, bayanta ya buɗe. Shi ya sa in an yi baƙi take tashi ta shige ɗaki, abincinta ya huce."

"Me ya sa ba zif a baya?"

"Goyo take yi. Rigarta ta Sallah mai zif ce, duk ran da ta sa sai ya kwanta a kumatun yaron."

"Wannan aljihun na ciki fa?"

"Na waya ne. Sau biyu tana faɗa mata a ruwan wanki."

Jama'a, ashe duk shekarun da nake tsintar shinkafa ina satar kallonta, ita ma daga ƙofar Inna kallona take.

Sadik ya fara ƙananan kuka a hannun matar da ta riƙe mini shi. Madam ta ce in gwada a gani. Na zauna, na sa shi ƙarƙashin ninkin, ya kama. Ga maza biyu a gabana, ba abin da ya bayyana, ban tattare komai ba. Madam ta gyaɗa kai. Sai ta ɗauki biro ta dube ni.

"Mama, ke ce mai riga. Aikinta ya yi miki? Ta iya?"

Ido duk a kaina, yarinyar na tsaye a gefena. Wallahi ban yi shawara da bakina ba. Abin da na ji iyayena na faɗa, shi ya fito.

Na ce, "Ai wannan ba abin da ta iya, kwaɓa ce kawai irin ta yara. Ku dai yi haƙuri da ita."

Madam ta sa tabarau ta dube ni da kyau. Ta ce, "Haka?" Ta rubuta wani abu. Aka kira na gaba.

A bayan labule yarinyar na cire fil daga kafaɗata, ɗaya ya soke ta. Jini ya ɗiga a farin yadin. Ta sa yatsan a baki, ba ta ɗago ba.

A waje muka tarar Ya Zara ta kawo mana abinci. Ta ce, "Yaya aka yi?" Na ba ta labari har da amsar da na bayar, ina ganin na yi abin da ya dace. Ta ajiye kwano.

"Kika ce me?"

Na maimaita.

"Innalillahi! Ke, maganar mai riga maki gare ta. 'Yar maƙwabciyata ta yi bara, ita ta gaya mini. Matar nan ba ta san kunyarku ba. Abin da kunnenta ya ji, shi hannunta ya rubuta."

Na ce, "Ya Zara, don Allah ki shiga ki yi mata bayani."

Ta ce, "Ni na sa rigar? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ni yaron."

Na dubi yarinyar. Tana zaune a kan dakali tana goge almakashin Falmata da bakin hijabinta, goge-goge, abin da ba datti a jikinsa. Na tuna takardun da na jiƙa mata jiya. Na tuna babanta ya ce sau ɗaya ne. Na miƙe.

Na tarar da su Madam a ofis sun tara takardu, ɗaya daga cikin malaman, wani dattijo Bahaushe, yana haɗa maki. Na yi sallama. Na ce na zo gyara magana.

Madam ta ce, "Na tuna ki, mai goyo. Amma takardu sun haɗu. Faɗi sunan yarinya."

Na ce, "'Yar... Ummi."

Dattijon ya ce, "Ummi huɗu suka amsa mana yau, kuma ba wadda ta rubuta Ummi a takarda." Ya dube ni ya sauke kai. Na ga alama ya gane. Ya ce a hankali, "Hajiya, na san abin da ke gabanki, ni ma ɗan fari ne. Amma doka ce, sai mai riga ta faɗi cikakken suna da bakinta kafin a taɓa takardar kowa."

Cikakken suna. Ku lissafa da kanku: sunan 'yar fari, wanda shi ne sunan surukata, a haɗa da sunan mijina. Kalma biyu, kunya uku. Na ji motsi a bayana, na san ta biyo ni tana bakin ƙofa. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Na rufe ido na ce, "Balkisu Garba."

Rufin ɗakin bai faɗo ba. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ce ban taɓa sa rigar da ta san ni kamar wannan ba. Na ce jiya da hannuna na lalata mata takardunta, ta sake wasu kafin magariba ba ta ce uffan ba. Na ce tun tana 'yar ƙarama nake ganin abin da hannunta ke yi, ban taɓa faɗa ba. Na ce, "Ta iya. Wallahi ta iya. 'Yata ce."

Madam ta ce, "To me ya sa kika ce ba ta iya ba?"

Dattijon ya yi mata bayani da Turanci. Ta saki baki, ta tafa hannu. Ta ce, "A garinmu in yarinya ta ɗinka wannan, uwarta rawa za ta yi daga nan har tasha!" Ta zaro takardar, ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta sake wani. Ta ce ba ta yi alkawari ba, masu hannu suna da yawa bana, za a kira a waya.

Da na juyo yarinyar ta riga ta bar ƙofar. Na same ta a rumfa ta goya Sadik, ta ba ni baya, tana jijjiga shi alhali barci yake.

Washegari muka kamo hanya. Ya Zara ta cika mana bakko da kifi, ta miƙo mini jarkata ta ce, "In cika miki da namu, ki kai musu tsaraba?" Bayan mun wuce Jajimaji barci ya ɗauke yarinyar, kanta ya gangaro kafaɗata. Hannuna ya mutu tun kafin mu hango Nguru, amma ban motsa ba.

Ashe Ya Zara ta riga mu isa gida ta waya. Na shiga gaida Inna, tana zaune ta miƙe ƙafa an shafa mata magani. Ta bar ni na gama gaisuwa tsaf, sannan ta ce, "An ce kin kira sunana a gaban hukuma."

Na dunƙule a ƙasa.

"Har da na ɗana."

Na ce, "Inna, a yafe mini."

Can ta ce, "To ya kika ji shi a baki? Ni dai na san suna ne mai daɗi." Ta fashe da dariya har gwiwar ta motsa ta koma salati.

Makarantar ta bar wa kowa rigarsa. Inna ta rantse ba mai yawo da farin yadi a gidanta, don haka yarinyar ta kai marina aka rina ta shuɗiya, ɗigon jinin ma ya ɓace. Ita ce kuka gani a jikina ranar sunan gidan Larai, da kuka yi ta tambayar wane tela ne, na ce muku wani ne can.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba kira. Duk sanda waya ta yi ƙara a aljihun nan na ciki sai in zaro ta da sauri. Ran nan da hantsi muna tsakar gida, Inna a tabarma, yarinyar na wanke-wanke, ni ina tsintar shinkafa ta gaske, sai ga baƙuwar lamba. Na ɗauka. Hausar kasuwar nan ce.

"Hello? Ina magana da Maman Balkisu?"

Na dubi Inna. Na dubi yarinyar, ta tsaya da kwano a hannu, kumfa na ɗiga. Duk suna ji, don wayata ba ta da sirri.

Na ce, "Na'am. Ni ce."

Ta ce a kawo ta bayan Sallah, da almakashinta.

Iyakar abin da na gano a Gashuwa ke nan. Wadda ta haɗu da ni a famfo gobe ta kira ni da wanda ta ga dama cikin sunayen biyu, Maman Sadik ko Maman Balkisu, duka ina amsawa.